Jego Ya Kai Ni Leipzig, Lambu Ya Riƙe Ni

Haihuwa ce ta kai ni Jamus. Yarinyar nan, ta farin, ta sauka a ƙarshen Fabrairun 2025 a birnin Leipzig inda mijinta yake aiki, kuma ba ta da kowa a can da zai tsaya mata a jego. Tun kafin in ɗaure kaya surukina ya bugo waya ya karanto mini abin da ba a shiga da shi ƙasashen Tarayyar Turai: ba kilishi, ba dambun nama, ba man shanu, ba duk abin da ya fito daga nama ko nono. Irin shuka ma sai da takardar shaidar lafiyarsa. Na riga na ƙulle irin kuɓewa da na rama a ƙyalle, don na ji an ce ya yi lambu, haka na kwance na mayar cikin gwangwani. Kuka da daddawa da garin kunu su kaɗai suka samu biza tare da ni.

Mun tashi daga Abuja da dare, gari na wayewa muna Frankfurt. Daga nan sai jirgin ƙasa, awa uku da wani abu zuwa gabas. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, na sha zana wa yara yanayi huɗu na Turai a allo, amma ban taɓa tunanin cewa ƙarshen hunturu ba shi da kyan gani ba. Dusar ƙanƙarar da ake gani a hoto ta tafi, ganye bai zo ba. Itatuwa tsirara, gonaki jiƙe-jiƙe, sama toka-toka. Tashar Leipzig ce ta ɗan farkar da ni. An kammala ta a 1915, kuma wajen faɗin gini ba ta da ta biyu a Turai. Akwai hawa-hawa na shaguna a cikinta, waɗanda daga baya na gane amfaninsu: ranar Lahadi duk kantunan gari a rufe suke, wanda gishirinsa ya ƙare sai ya nufi tasha.

Azumi ya kama ranar Asabar 1 ga Maris, rana ɗaya da gida. A lokacin sanyi agogon Jamus da na Najeriya ɗaya ne, ko taɓa na hannuna ban yi ba. Sai dai rana ba ruwanta da agogo. A makon farko kafin ƙarfe shida mun sha ruwa, in kira ƙanwata a Zariya da dabino a bakina alhali ita da sauranta fiye da minti arba'in. Ta ce in ci gaba da dariya, Allah na nan. Ashe kuwa. Kullum yinin can ƙaruwa yake da kusan minti huɗu, magariba na ja da baya, asuba na matsowa. Kafin goman ƙarshe ta ƙare mun zo daidai da su a buɗa-baki, a sahur kuwa mun riga su tashi da kusan awa guda.

Aikin jego a gidan sama mai ɗaki uku ba ya cinye yini. Ruwan zafi daga famfo yake zuwa, ba hura wuta, ba neman ganyen darbejiya. Ungozoma tana zuwa har gida ta duba uwa da jaririya, inshorar lafiya ke biyanta. Nama na halak da kanwa da gero ana samunsu a titin Eisenbahnstraße, inda shagunan Larabawa da Turkawa suke jere. In na dama kunu na gasa jaririya na yi wanke-wanke, sai in zauna ina kallon taga. Surukina, mutum mai kunya, ya lura. Bai ce mini komai ba, sai ya aiko babban ɗansu mai shekara takwas, angona, ya zo ya tsaya a gabana da guntuwar Hausarsa.

"Kaka, Baba ya ce ko za ki zo ki ga gonarmu."

"Kai da ko fartanya ba ka taɓa gani ba, kai ne mai gona? To mu je in ga abin da za ka ciyar da ni da shi."

Tafiyar minti goma ce a ƙasa. A tsakiyar gari, tsakanin dogayen gidaje da layin dogo, sai ga ƙofar ƙarfe, bayanta lambuna sun fi ɗari, kowanne da ɗan shingensa da lambarsa da ɗan ɗakin katako. Wannan unguwar lambu ɗaya ce daga cikin sama da 270 da ke Leipzig, masu ɗauke da filaye kusan 39,000, a garin da mutanensa suka ɗan haura 600,000. A ƙasar baki ɗaya ana maganar kusan 900,000. Ba mallakar kowa ba ne, haya ce. Ƙasar galibi ta hukumar gari ce, ƙungiyar masu lambu ke karɓa ta rarraba wa 'ya'yanta. Surukina ya jira a layi kafin a ba shi, sannan ya biya wanda ya bari kuɗin ɗakin da itatuwan tuffa biyu, bayan masu ƙiyasi sun yi musu kuɗi.

Na sa ido na ga aiki jibge. Busassun ganyen bara sun rufe ko'ina, karan tumatir ya ruɓe a tsaye, shinge ya yi gashi buya-buya. Na ce a kawo ashana. Ai lokacin sharar gona ne, a tara yayi a cinna wuta, toka ta koma ƙasa, a wuce wurin. Surukina ya dubi ƙasa ya ce, "Mama, an hana ƙona shara a nan. Tara ce mai nauyi." Na ce to a kawo adda a sassabe shingen. Ya ce shi ma an hana: daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba dokar ƙasa ba ta yarda a sare shinge ko a yi masa aski mai zurfi ba, saboda tsuntsaye na saƙa sheƙa a ciki, iyaka a ɗan rage tohon da ya yi tsini. Ya yi niyyar yi a Fabrairu, haihuwa ta sha gabansa, yanzu sai Oktoba. Injin yanke ciyawa kuma ba a tayar da shi ranar Lahadi, ba a tayar da shi tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana. Ba a kwana a ɗakin lambu a mai da shi gida. Girman ɗakin kada ya wuce murabba'in mita 24, filin kada ya wuce 400, haka dokar lambuna ta 1983 ta tanada. Sulusin filin kuma dole a noma abin ci a kai.

Na ce, "Malam, wannan lambu ne ko barikin soja?" Ya yi murmushi bai amsa ba. Har yau ina kan bakana cewa toka taki ce, kuma wuta ɗaya a shekara ba za ta kashe kowa ba.

Maƙwabciyarsa ta gabas wata tsohuwar Bajamushiya ce, ta doshi tamanin, tana riƙe da filinta tun zamanin Jamus ta Gabas. Ita ce hukumar da ba a naɗa ba. Ranar da na fara jan manjagara ta leƙo ta kan shinge ta yi magana mai tsawo tana nuna wani tulin ganye da ƙirare a lungu. Angona ya yi tafinta: "Ta ce kada a taɓa can, akwai mai barci." Ta zagayo ta ɗaga ƙirare a hankali da yatsa biyu. Bushiya ce, ta dunƙule, tun Nuwamba take kwance ba ci ba sha, kuma ba za ta tashi ba sai dare ya daina daskarewa. Doka ta kare ta, masu lambu kuma suna sonta don tana cin ƙwari da katantanwar da ke lalata latas. Tsohuwar ta mayar da ƙiraren ta dube ni ido cikin ido har sai da na gyaɗa kai. Daga ranar muka ƙulla, ba ta jin nawa ba na jin nata. Ni "Oma" nake ce mata, wato kaka da Jamusanci, yadda yaran ke faɗa, ita kuma ta ɗauka "Kaka" sunana ne na yanka.

A wurinta na ga inda sharar da ba a ƙonawa take zuwa. Akwatunan katako uku ne a bayan ɗakinta, na bana, na bara, na bara waccan. Ganye, ɓawon dankali, ɓawon ƙwai, tukar gahawa, duk ciki. Ta buɗe na ukun, ta ɗora rariyar waya a kan baro ta ce in zuba in girgiza. Abin da ya sauko baƙi ƙirin ne, laushi lubus, ba wari, tana tana motsi a ciki ko'ina. Na daɗe ina murza shi a tafin hannu. A nan dai na sallama mata: takin ya fi toka. Na surukina kuwa, da muka buɗe, ya cuɗe ya yi ɗoyi don ciyawa ɗanya kawai yake jibgawa. Muka kwashe shi kaf, muka sake jerawa, ɗanye bisa busasshe, ƙirare a ƙasa don iska ta ratsa. Wannan ya ci mana Asabar guda.

Kayan aikinsu duk masu doguwar ƙota ne, a tsaye ake noma. Ga mai shekaruna wannan rahama ce ga ƙugu. Amma wajen cire ciyawa tsakanin shuka, a ba ni fartanya in gama komi uku kafin Bajamushe ya gama ɗaya. Na nema a babban kantin kayan gini da lambu, na samu wata 'yar ƙarama mai kama da ita, bakin ne bai kwanta yadda ya kamata ba.

Aiki da azumi a wannan yanayi wani abu ne daban. Ƙishirwa babu ita sam. Yunwa ce ke sassaƙar mutum, don sanyi cin abinci yake. Da safe raɓa ta daskare ta yi fari fat a kan ciyawa, ƙasa ta yi tauri shebur ba ya shiga. Wajen sha ɗaya rana ta fito, sai ka ga mutane suna tuɓe riguna ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi sun jera kujeru sun miƙa fuska sama ido rufe. Mu da muke gudun rana muna neman inuwa, sai ga masu fitowa takanas su sha ta. Ƙarfe huɗu kuma sanyin ya dawo ya kore kowa.

Abin da ya fi burge ni shi ne Oma ba ta duba kalanda, itatuwa take dubawa. Akwai wani ɗan itace a bakin ƙofarta, forsitiya, wanda ke fitar da fure rawaya shar tun kafin ya yi ganye. Ranar da ya buɗe, wajen tsakiyar wata, ta fito da almakashi ta datse wardinta, ta kuma umarci surukina ya datse nasa. Albasa da karas da wake mai faɗi da alayyafonsu, waɗannan an shuka su a Maris don suna jure sanyi, a lulluɓe da wani farin yadi marar nauyi. Dankalin Turawa an jera shi a kwalin ƙwai kusa da taga ya fara tsiro. Tumatir da tattasai kuwa a cikin gida ake renonsu, a ƙananan kofuna a kan dakalin taga, ba za su taka ƙasa ba sai bayan tsakiyar Mayu, in kwanakin da suke kira na waliyyan ƙanƙara, 11 zuwa 15 ga wata, sun wuce. Duk tagar da ka ɗaga kai ka duba a unguwar, tsiron tumatir ne ke leƙenka. Namu gidan jarirai biyu ake reno, ta zani da na kofi, kuma ban tabbata wanne surukina ya fi leƙawa da asuba ba.

Wata ranar Laraba na ja angona bayan makaranta muka je gidan tarihin masu lambu, don a wannan gari irin waɗannan lambuna suka samu sunansu, Schrebergarten. Yana cikin tsohon ginin ƙungiyar farko, a titin Aachener. A 1864 wani shugaban makaranta, Ernst Hauschild, ya kafa ƙungiyar iyaye don sama wa 'ya'yan ma'aikatan masana'antu filin wasa, aka sa mata sunan wani likitan garin, Moritz Schreber, wanda ya rasu a 1861 bai ga ko komi ɗaya ba. Daga baya wani malami, Karl Gesell, ya yi wa yaran komaye a gefen filin don su koyi shuka. Yara suka yi abin da yara ke yi, ciyawa ta cinye wurin, iyaye suka karɓe, suka kakkafa shinge. A matsayina na tsohuwar malama da ta sha fama da gonar makaranta, na yi dariya har mai gadin wurin ya waiwayo. A yaƙe-yaƙen duniya biyu da yunwar da ta biyo bayansu, waɗannan 'yan filaye su suka riƙe cikin talakan birni. A zamanin gurguzu ma, in ji Oma, rarar kayan lambunsu shagunan gwamnati suke kai wa a saya.

A hanyar dawowa na fara haɗa lissafin da ban haɗa ba ranar ashana. Doka ta ƙayyade kuɗin hayar: ba zai wuce ninki huɗu na abin da manomin kayan lambu na yankin ke biya ba. Abin da surukina ke kashewa a shekara, haya da ruwa da wuta da kuɗin ƙungiya, bai kai hayar gidansu ta wata ɗaya ba. Filin da masu gine-gine za su saya da miliyoyi, direban bas da mai shara da baƙo daga Zariya suna noma albasa a kai. Kuma sharaɗin wannan rangwame shi ne wurin ya zauna lambu. In aka bari kowa ya faɗaɗa ɗaki ya shimfiɗa ciyawar ado ya girka kujeru, ya zama wurin shaƙatawa, kariyar doka ta faɗi, mai ƙasa ya samu ƙofar ƙara haya ko karɓe abinsa. Shi ya sa suke auna sulusin nan da tsinin ido. Fadamar da muke sayen latas da rake ina yarinya, yau shaguna ne da gidan mai, kuma ba wanda ya karya wata doka, don babu dokar da za a karya.

Ban ce duk abin nasu daidai ne ba. Mutum ya ɗauko ma'auni ya auna tsayin shingen maƙwabcinsa, wannan ko a Jamus sa-ido ne.

Wajen goman ƙarshe gari ya fara warin tafarnuwa. Na ɗauka wani maƙwabci ne ke girki, ashe daji ne. Akwai kurmi da ya ratsa tsakiyar Leipzig ta bakin koguna, Auwald, kuma a wannan lokaci ƙasansa kan rufe ruf da tafarnuwar daji, ganye kore mai faɗi, tun kafin manyan itatuwa su yi ganye su tare rana. An yarda mutum ya tsinki cikin hannu ɗaya don miyarsa, ban da wuraren da aka keɓe, kuma 'yan sanda kan kama masu tonon buhu-buhu don sayarwa. Oma ce ta raka ni, don akwai ganyaye masu dafi da suka yi kama da ita ƙwarai, ganye ɗaya-ɗaya take tsinka tana duba ƙotarsa. Na yanka shi cikin ƙullun ƙosai na buɗa-baki. Mai jego ta cinye rabin faranti, ita da ba ta azumi.

Ruwan sama kuwa ya ƙi zuwa. Masana yanayin ƙasar sun ce Maris ɗin yana cikin mafiya ƙarancin ruwa tun da aka fara rubutawa a 1881. Famfunan lambu a rufe suke tun kaka don kada ƙanƙara ta fasa bututu, ba a buɗewa sai ƙungiya ta sa rana. Gangunan da ke tare ruwan rufi suka ƙafe. Haka muka riƙa ɗauko ruwa a jarka daga gida a keken jaririya, lokacin da take barci a bayan uwarta, muna shayar da albasa da kofi. Na taho daga bakin Sahara na tarar ana roƙon ruwa a Turai.

Takin doki muka je nema wani ƙauye a arewacin gari, a motar abokin aikin surukina. A kan wani tsohon dogon bututun hayaƙi na hango sheƙa mai faɗin tabarma, da wani dogon tsuntsu fari mai baƙin fiffike da jan baki a tsaye a kai. Ɗan'uwan shamuwa ne. Mai dokin ya ce shekaranjiya ya sauka, kuma duk ƙauyen an sani, don zuwansa ne alamar sanyi ya karye. Irinsu da yawa a Afirka suke cin hunturu, wasu a ƙasashen Chadi da Sudan, su ratso ta Masar da Turkiyya su dawo sheƙarsu ta bara. Na ce wa angona ya gaishe shi, maƙwabcinmu ne, kuma shi ba a tambaye shi takardar lafiya a Frankfurt ba.

Jajibirin Sallah, Asabar 29 ga wata, aka yi ɗan husufin rana da tsakar rana, gefe kaɗan ya ɓalle, yara na kallo da tabarau na kwali. A daren kuma aka tura agogo gaba, ƙarfe biyu ta zama uku, aka sace mana awa guda daga barcin daren Idi. Daga ranar Jamus ta riga Najeriya da awa ɗaya, magariba ta koma kusan takwas saura. Sallar ta faɗo Lahadi, ranar ƙarshe ta babban baje kolin littattafai na Leipzig, wanda matasa ke zuwa cikin shigar 'yan wasan zane, wani da kunnen kyanwa, wata da koren gashi da takobin roba. Muka cika jirgin cikin gari tare da su, ni da leshi da gwaggwaro a ƙarƙashin jibgegiyar rigar sanyi, surukina da babbar riga. Wata yarinya mai fiffike a baya ta tambayi angona wace jaruma kakarsa ta kwaikwaya. A zaure aka yi Idi, ba a fili ba. Washegari Litinin kowa ya koma aiki da makaranta. Na aika wa Oma tuwon shinkafa da miyar taushe da aka yi da kabewarta ta bara, ta dawo da kwanon da kek a ciki.

Asabar ta farkon Afrilu aka buɗe ruwa. Dole kowa ya tsaya a filinsa, 'yan kwamiti na bi ɗaya-ɗaya suna karanta mita suna duba inda ke yoyo. Bututun wani can ƙasa ya fashe, ruwa ya yi tsiri, aka sake rufewa, aka yi ta ƙunƙuni. A ranar ce surukina ya fara biyan awannin aikin gayya da ke kan kowane ɗan ƙungiya a shekara, wanda bai yi ba ya biya kuɗi: shi aka ba fentin ƙofar shiga. Da 'yan kwamitin suka iso wurinmu, babbansu ya tattaka filin da ƙafa tsawo da faɗi, ya rubuta wani abu, ya ce abin cin bai kai sulusi ba, saura kaɗan, a gyara kafin zagayen bazara.

Na ce abu mai sauƙi, a fasa ciyawar tsakiya a zuba dankalin nan da ya tsira a kwali. Angona ya daka tsalle, nan ne filin ƙwallonsa.

"Kaka, ke kin kusa tafiya, ni zan zauna ba fili!"

"To zaɓi ɗaya, ango. Ko ƙwallo, ko su karɓe gonar gaba ɗaya ka rasa abin ciyar da ni."

Aka yi ciniki, uban na tsakiya yana kallon ƙasa. Muka bar masa daga itacen tuffa zuwa shinge, muka fasa sauran. Oma ta zo ta tura yatsa cikin ƙasa, ta girgiza kai ta ce da sauran sanyi, a ƙara mako guda. Surukina ya dube ni, ya dube ta, ya rasa wadda zai saɓa wa a cikin tsofaffin biyu. Na ce a raba: kunya biyu yau da hannuna, kunya biyu ranar da ta ce. Ya buga 'yan turaku ya rubuta kwanan wata a jikin kowanne, ya ce a Yuli zai auna na kowa a sikeli ya turo mini hoto.